Alhaji Ya Biya Shata, Rago Ya Sha Sanyi

Wai don Allah wa ya koya wa mutanenmu cewa duk wanda ya ɗauki shatar mota ya buɗe tashar kyauta ne? Ran Asabar ɗin nan wani maƙwabcina a Sabon Garin Wudil, dattijo mai son a san ya isa, ya ɗauki shatar Sharon zuwa Damagaram ɗaurin auren ɗan amininsa, ya ce in raka shi. Hujjarsa ba ta da laifi. Gwiwa ta fara tsami, ba zai iya zaman jiran lodi ya cika ba, kuma ya gaji da a cusa shi su huɗu a kujerar mutum uku. Ya biya kuɗin kujerun kaf, ya cika tanki, a zamanin nan da tun ranar 29 ga Mayun 2023 ake auna fetur kamar turaren ɗan goma. Abin da ya kashe shi ɗaya ne: ya yi zancen tafiyar a ƙofar masallaci bayan Isha'i ran Alhamis.

Kafin a kira assalatu ran Asabar, ƙofar gidansa ta cika. Ga Gwaggo da ƙullin daddawa da kuka za a miƙa wa 'yarta da ke aure a Matameye. Ga tela da ɗinkin wata amarya ta daban. Ga wani da injin markaɗe yana cewa ai ɗan ƙarami ne, ko a ƙarƙashin ƙafa ma zai zauna. Kowa bakinsa ɗaya: "Ai hanya ce, Alhaji, Allah ya ba da lada." Ban ga wanda ya taɓa aljihu ba. Shi kansa direban da ya iso, da mutum ya zo a kujerar gaba, wadda Alhaji ya kwana yana mafarkin miƙe ƙafa a cikinta. "Ƙanena ne, Yallaɓai, nan gaba kaɗan zai sauka." Ƙanen nan da shi aka shafa fatiha a Damagaram.

Duk wannan mai sauƙi ne. Ana shirin tashi sai ga ƙanin matar Alhaji janye da rago, wai gudummawarsa ce ga ango, jiya ya sayo a kasuwar Kara.

Jama'a, ku tsaya mu yi lissafi. Ɗan Wudil ya san inda ragunan nan suke fitowa. Daga Nijar ake koro da yawansu, su ci kasuwar Maigatari ran Alhamis, su kwana a mota a cunkushe, su wayi gari a Wudil ran Juma'a. Ke nan wannan bawan Allah, mai yiwuwa, shekaranjiya ya baro ƙasarsu a tsaye, kan wani a kan wuyansa, ƙahon wani a haƙarƙarinsa. Yau ga shi zai koma gida a shata, gilas a rufe, sanyi na busa shi, ba da ko sisinsa ba. Ban taɓa ganin ɗan cirani da ya ci riba cikin kwana biyu irin wannan ba.

Aka sa shi a bayan mota, kuma kun san Sharon ba ta da katanga tsakanin but da mutane. Tun kafin mu haye gadar Wudil ya ɗora haɓarsa a kafaɗar Alhaji. A Kano ya ɗanɗana aikin wuyan babbar riga, ya ga ba laifi. A Kazaure ya cinye katin gayyata, saura kusurwar da aka rubuta Allah ya ba da ikon zuwa. Wajen Daura ya gano inda daddawar Gwaggo take. Duk lokacin da Alhaji ya ɗaga hannu zai make shi, sai direba ya leƙo ta madubi ya ce, "Haba Yallaɓai, amana ce fa." Aka rage waƙa don kada ta firgita shi, aka tsaya ya sha ruwa, aka ƙara sanyi saboda wai yana haki. Ni da na ce ina jin fitsari, cewa aka yi in daure mu kai gaba.

Direban nan kuwa, a Wudil ya rantse ya san Nijar kamar yunwar cikinsa. Muna wuce Kwangwalam ya fara sauke gilas yana tambayar masu amalanke. A wata mararraba muka yi cirko-cirko, ragon ya juya kai dama ya yi kuka sau ɗaya. Direba ya bi dama, kuma ita ce hanyar. Daga nan ban ƙara jin wanda ya ce a make shi ba.

Wajen shingaye ne dariyata ta ɗauke. Igiya, ganga, katako mai ƙusoshi, wani ka wuce shi kana hango na gaba. Kowanne a sauko, a nuna takarda, a buɗe but, a yi gaisuwar da ba a yin ta da baki. Rago dai ba wanda ya tambaye shi katin ɗan ƙasa ko na rigakafi, sai ma wani mai kaki da ya shafa bayansa ya ce tubarkalla. Amma a gefen titi na ga tsohuwa an zazzage mata ɗan buhunta a ƙasa, tana tsince hatsi a cikin rairayi, sa'ar kakar wanda ya zazzage ɗin. Wannan ba abin raha ba ne. Iyakar nan da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20, tsakiyar dangi ta ratsa. An rufe ta a Agustan 2019 sai Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 sai Maris ɗin 2024, kuma kowane karo wanda ya ji a jikinsa shi ne mai zuwa gaisuwar mutuwa da mai tallar mudu biyu. Masu manyan kaya ba su taɓa rasa hanya ba.

A dawowa ne Alhaji ya koyi sabon karatu: ashe shata ta zuwa ce, dawowa ta direba ce. Ga kuɗin kwana, ga kuɗin abinci, ga dabino da cuku da kilishin da ya lafta na sayarwa, ga fasinja biyu da ya tsinta a Matameye, su ma wai 'yan'uwansa ne, sai dai na ga suna ƙirga masa sefa. Alhaji bai ce uffan ba. Yaya zai yi? In ya hana, gobe a majalisa a ce ya samu duniya ya manta mutane. Kuma gaskiyar da ba ya so a faɗa ita ce, da gwiwar ce kawai damuwarsa, da ya sulale tasha da duku-duku ya biya kujera biyu, ba wanda zai sani. So yake a gani, kuma an gani.

Wasu na cewa jirgin ƙasa ne zai raba mu da wannan wahala. Tun Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Allah ya nuna mana ranar da zai fara jigila. Sai dai ni tausayin direban jirgin nake ji tun yanzu, domin masu zanen layin ba su san mu ba. Ranar farko wata Hajiya za ta miƙa masa kwanon fura ta taga, ta ce in ya isa Mashi ya ɗan ratse, gida na uku bayan masallacin Juma'a, in bai samu kowa ba ya jira, sun je ɗibar ruwa ne. In ya ce jirgi ba ya ratsewa, ta tambaye shi ɗan gidan waye shi, don ta san wanda za ta kai wa ƙara.