Yadda Ake Ɗaure Kifin Ado Da Jatan Lande A Leda

Kifin ado da ƙananan jatan landen da ake kiwo a akwatin gilashi ba su da abin hawa sai leda. A cikinta suke barin gonakin Singafo da Tailan su zaga duniya, a cikinta kuma 'yan kasuwar Legas ke fitar da kifayen kogunan Nijeriya zuwa Turai. Aikin yana da ƙa'idoji, kuma yawancinsu sun saɓa wa abin da tausayi ke raya wa mutum. Misalan da za su biyo baya an samo su ne daga mai wannan rubutu, wanda ya ɗauko kifayensa daga Kaduna zuwa Kano a motar haya cikin watan Afrilu, ya kuma tausaya musu iyakar tausayi.

Matakin farko yunwa ce. Ana hana kifi abinci kwana 1 zuwa 2 kafin tafiya, domin abin da ya ci, a cikin ledar zai kasayar da shi, ga kuma amoniyar da jikinsa ke fitarwa, wadda guba ce gare shi. Leda ba ta da matatar ruwa, duk abin da ya shiga yana nan har a sauka. Lafiyayyen kifi yakan yi kwanaki ba ci ba tare da ya galabaita ba. Mai rubutu ya bi al'adar da ta ce ba a sallamar matafiyi ciki wayam, ya yi musu karin kumallo na ƙoshi, ya ƙara barbaɗa musu guzuri. Kafin a kai Zariya sai an kanga ledar a rana ake gane akwai kifi a ciki.

Sai rabon ruwa da iska, inda sabon shiga ya fi faɗuwa. Kashi ɗaya cikin uku na ledar ake zuba wa ruwa, daga akwatin da kifin ya saba, sauran kashi biyun iska ce. Mutum yakan ga kamar an yi wa kifi rowa, alhali oksijin da ke cikin lita ɗaya ta iska ya ninka na lita ɗaya ta ruwa fiye da sau 30. Ruwan aro yake yi daga iskar da ke samansa, girgizar mota kuma tana taimaka masa. Manyan dillalai kan ɗura tsantsar oksijin daga tukunya, abin da ke riƙe kifi awa 24 zuwa 48. A gajeriyar tafiya ya isa a buɗe bakin leda sosai, a cafke shi da sauri, ko a sa famfon iska na akwatin. Abin da ba a yi shi ne hurawa da baki. Numfashin mutum ya riga ya rage oksijin daga kashi 21 cikin 100 zuwa kusan 16, ya kuma cika da iskar da kifin ke neman rabuwa da ita. Mai rubutu ya cika tasa ledar da ruwa har wuya, ɗan gurbin da ya rage kuma ya hure shi da bakinsa, bayan ya ci ƙosai da yaji.

Ana murɗa wuyan leda har ta yi tauri, a lanƙwasa shi, a ɗaure da robar ɗaure kuɗi guda biyu. Daga nan a juya ta, kai a ƙasa, a zura cikin wata ledar, ta yadda kusurwoyin za su lotse, don ƙananan kifi kan kutsa kai cikin lungu su maƙale su mutu. Kifi mai faɗa, irin namijin beta, shi kaɗai ake ɗaurewa. Mai ƙaya kuwa sha'aninsa daban ne. Kurungu yana da ƙaya uku, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe, kuma idan ya tsorata yakan miƙe su ya kulle. Irinsa sai leda mai kauri, da takardar jarida tsakanin leda da leda, ko ma a sa shi a roba mai murfi.

An tabbatar da wannan ƙa'ida a kujerar tsakiya. Kurungun mai rubutu yana cikin leda guda, irin ta ƙulla zoɓo, a kan cinyarsa, kusa da wani dattijo mai farar shadda da zai je ɗaurin aure. Ruwan da ke fita ta hujin ƙaya ba ya ƙara, kuma da yake ya ɗumama a hanya, ba a jin saukarsa sai ya yi nisa. Dattijon ya dubi rigarsa, ya dubi yaron da ke kan cinyar matar da ke ɗaya gefen, ya ce, "Hajiya, a duba yaron nan." Hajiya ta duba, ta ce ɗanta a bushe yake ƙayau, a dai bincika wani wurin. Mota ta yi tsit, kowa ya ɗauke kai daga kallon dattijo don kunya. Da gaskiya ta fito, abin da dattijon ya ce bai wuce wannan ba: "Malam, kifin ma sai an biya masa kuɗin mota? A Kano babu ne?" Kurungu ya ƙarasa tafiyar a kwanon abincin direba.

Jatan lande ya fi kifi laulayi. Jan nan da aka fi kiwo, ɗan asalin Taiwan, da kyar yake kai santimita 3, kuma ba gwanin iyo ba ne, mai tafiya ne da ƙafa. A ledar da babu komai ruwa kan yi ta wujijjiga shi har ya jigata, don haka ake saka masa abin kamawa: ɗan gansakukar ruwa, ko guntun soso sabo, ko ƙyallen raga mai tsabta. Sharaɗin tsabtar nan ba ado ba ne. Jatan lande ɗan'uwan ƙwari ne a halitta, abin da ke kashe sauro shi ma yana kashe shi, haka ma ɗan burbushin tagulla a ruwa. Ragar da ta fi kusa da hannun mai rubutu ita ce gidan sauronsa, mai magani, ya kuwa yanko musu yanki mai faɗi don su sake. Sun kama ta gam, kamar yadda aka tsara, ba su sake saki ba. Hajiyar motar, da ta ji kuɗin da aka saye su, ta yi salati, ta ce a kuɗin nan za ta cika masa gwangwani da busassunsu a kasuwa, kuma nata sun fi girma.

Akwai wata leda ta musamman da iska ke ratsa jikinta, wadda masu aika jatan lande ke so. Ita cika ta ake yi da ruwa ba gurbi, ba a kuma ninka ta cikin leda ta yau da kullum ko a matse ta da wata.

Yawancin kifin ado sun fi son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27, Kano kuwa takan kai 40 a bazara, kuma ruwa yana ɗumi yana sakin oksijin. Ana jera ledojin cikin kula, a cike gurabe da jarida don kada su gangara, a rufe, domin duhu yana kwantar musu da hankali. A bazara sammako ake yi. In za a sa ƙanƙara, a naɗe ta a tsumma can gefe, kada ta taɓa leda. Ba a yarda yaron mota ya kai kula but, ƙarƙashin buhun albasa, komai rantsuwarsa. Ba a kuma buɗewa a kowane gari don a gaisa.

In an isa gida, ana ɗora ledar a rufe a kan ruwan akwati minti 15 zuwa 20, zafinsu ya daidaita. Bayan doguwar tafiya buɗewar kanta haɗari ce. Iskar da kifi ya fitar takan sa ruwan ya ɗan yi tsami, tsamin kuma yana danne dafin amoniya, ana buɗewa iskar ta fice, dafin ya farka. Saboda haka da an kwance sai a kwashe kifi da raga, ruwan ledar a zubar, ba ya shiga akwati. Jatan landen gajeriyar tafiya shi ake ɗiga wa ruwan sabon gida kaɗan-kaɗan, kamar awa guda. Ba a ba da abinci sai washegari. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe mai rubutu ya kiyaye ta sosai, da yake kurungu kaɗai ya rage, kuma direba ya riga ya ba shi shinkafa.

Wanda duk wannan ya yi wa yawa, ya nemi tarwada. Tana shaƙar iska kai tsaye, masu kiwo kan yi safarar 'ya'yanta a jarkar da aka yanke wa sama, in kuma sha'awar kiwon ta fita, ana cin ta.