Daji Ba Juji Ba Ne, 'Yan Majalisa

Na san abin da za ku ce, 'yan majalisar mai shayi na bakin tasha. Za ku ce mutumin nan ba shi da aikin yi: mutanen Birnin Gwari da suka yi shekaru suna barci da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, su za a zo a yi wa wa'azin shara? To, ku gyara zama, a ƙaro shayi.

Hujjarku ta farko ita ce Allah ya hore mana daji, a watsa shara a can. Madalla da wannan ilimi! Wane dajin? Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000? Wato masu gawayi da masu katako sun ɗebi rabonsu, ku kuma gudummawarku ita ce ledar ruwa. Ita kuwa leda ba ta zama inda aka jefar da ita. Iska ta kai ta gona, ruwan sama ya kai ta rafi, alhali kuna shan ruwan dam ɗin Bagoma. Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu a ƙarshen 2024, ku leƙa wurin Sarkin Fawa ku tambayi abin da yaransa ke zarowa daga tumbin saniya. Ku dai ci abinci kafin ku je.

Ta biyu, wai wannan ciwon kan manyan birane ne. Haka ne, Alhaji, amma Kaduna ma ba da girmanta aka haife ta ba. Yau tana da hukumar kare muhalli ta KEPA, Kano tana da hukumar kwashe shara ta REMASAB, duk da haka da an yi ruwa mai ƙarfi sai kwalbatoci su toshe. Dalili? An yanka filayen gidaje, an manta da na shara. Jujin Olusosun na Legas a bayan gari yake a da. Gari ya zo ya kewaye shi, a 2018 ya kama da wuta, hayaƙi ya turnuƙe unguwanni. Sannan ku lura Kaduna tana miƙe ƙafa ta Mando ta nufo Buruku. Babban birni kuwa yakan kai shararsa inda fili ke da araha, mutanen wurin ba su da tsarin kansu. Wace hanya ce ta Mando da Buruku, in ba taku ba?

Ta uku, wai sake sarrafa shara aikin Turawa ne. Haba! Tukunyar da uwargida ke tuƙa muku tuwo fa? A Panteka ta Kaduna ana narka tsofaffin gwangwanaye da ƙarafa a fitar da tukwane da murhu. Abokanmu Kanawa, da ko tari ba sa yi a kyauta, sun daɗe suna kwasar jujin birni a kan jakuna suna kai wa gonaki taki. Yaron nan ɗan bola-jari da kuke kora da tsawa, shi ne ma'aikacin tsabtar da bai taɓa neman albashi ba.

Abin da ake nema bai kai yawan gardamarku ba. Ƙaramar hukuma da masarauta su keɓe fili tun yanzu, nesa da rijiya da rafi, a daɓe ƙasansa da yumɓu don kada ruwan ƙazanta ya tsatsa, a riƙa rufe shara da ƙasa maimakon cinna mata wuta. A kafa rumfar ware roba da ƙarfe, abin da ke ruɓewa ya tafi taki. A yi wa 'yan bola-jari rajista, a bambanta mai nema da mai ɓalle ƙyauren mutane. Masu haƙar zinariya kuma su daina daka dutse a cikin gida: a nan ba wasa, gubar dalma daga irin wannan dakan ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

Ku ci gaba da dariya. Ranar da aka fitar da kwangilar kwasar shara, na san wanda zai riga kowa isa sakatariya, da babbar riga da hula zanna, yana rantsuwa shi ya fara kawo shawarar.