Kakar Ingila, Sai da Lema

A lissafin Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, kaka na kamawa ranar 1 ga Satumba. Daga nan mai karanta hasashe zai fito a talabijin fuska a sake, ya ce da safe hazo, da hantsi yayyafi, da azahar rana za ta leƙo in ta ga dama, sannan yayyafin ya dawo ɗaukar abin da ya manta. Da wuya a kama shi da ƙarya, tunda bai bar komai ba.

Hazon nasu na danshi ne. In dare ya yi garau babu iska, ƙasa ta huce, sai hazon ya kwanta kan tituna, direbobi su yi ta lalube da fitila.

A watan Satumban ne kuma sababbin ɗalibai ke sauka. Ɗan Kano ya ji ma'aunin zafi na 15, ya jibga rigunan sanyi har da hular kunne, Baturen da ke gefensa a tashar bas kuwa da gajeren wando, wai yau garin da daɗi. Mai shirin tafiya, ka sa lema a jakar hannu.