Kowa da Tasa Ƙaryar a Asibitin Talabijin

Masu shirya wasannin barkwanci a Amurka da Ingila sun daɗe da gano cewa babu inda rikici ke ƙulluwa da sauƙi irin asibiti. An tara masu ji da kansu a gini ɗaya, an hana su barci, an jera musu muƙamai wani a kan wani, sannan aka rataya labule a kowane lungu, labulen da ke tare ido amma ba ya tare kunne. Da wannan jari aka yi M*A*S*H daga 1972 zuwa 1983, aka yi shekara 11 ana ba da labarin yaƙin Koriya wanda shi kansa shekara 3 ya yi. Da shi aka yi Scrubs a 2001, da Green Wing a tashar Channel 4 a 2004, wanda shi ko kunya bai ji ba: sai a gama fitowa guda ba a ga an duba marar lafiya ko ɗaya ba. Ni da na daɗe ina aiki a ɗakin kati na wani asibiti, ba kallon baƙi nake yi wa mutanen nan ba. Na san su. Wasunsu ma na ci shinkafar sunan 'ya'yansu.

Sai a fara da masu soyayyar ɓoye, wadda kowa ya sani ban da su da ke zaton sun ɓoye. A M*A*S*H ga Manjo Frank Burns, mai mata a gida, da shugabar malaman jinya Margaret Houlihan. Su ne masu wa'azin bin doka da ɗa'ar soja da rana, su ne kuma masu sanɗa tsakanin tantuna da dare, alhali duk sansanin ya haddace lokutansu. A Green Wing ga Dakta Alan Statham, likitan hoto, da Joanna Clore ta ofishin kula da ma'aikata, su ma a kan wannan tafarki. Alamarsu ɗaya ce a ko'ina: girmama juna fiye da kima a gaban jama'a. Duk likitan da ke kiran kowace nas da sunanta, amma idan ya zo kan guda ɗaya sai ya gyara murya ya ce, "Sista, don Allah in kin samu sarari ina son ganin fayil ɗin gado na shida," ita kuma ta amsa da "To, ranka ya daɗe" ba tare da ta ɗago kai ba, to a fara tanadin gudummawa. Namu na nan gida sun fi na Turawa kyakkyawan ƙarshe, don galibi da katin ɗaurin aure ake rufewa. Ranar da suka kawo katin suna jiran a yi mamaki, sai su tarar matan sashen sun riga sun fitar da anko.

Wa ya faɗa wa matan sashen? Mai jin rabin zance. Ba ta ƙarya, Allah ya sani, sai dai ba ta taɓa tsayawa ta ji ƙarshen magana ba. Ta wuce ta bayan labule ta ji likita na cewa "ba zan iya rabuwa da ita ba," kafin azahar labari ya kai ɗakin haihuwa, alhali a kan tsohuwar motarsa yake magana. Laverne ta Scrubs, mai son ibada da son wasannin soyayya na rana, ita ce uwar wannan ƙungiya, kuma wanda ya kalli Clinic Matters na Paul Igwe, inda Emeka Ossai ke fama da nas-nas ɗinsa, ya san ba sai an je Amurka ba. Ana yawan ɗora wa ɗakin kati wannan laifi, kuma zalunci ne. Mu ba ma gulma. Aikinmu adana bayanai ne da miƙa su ga wanda ya nema, kuma ba laifinmu ba ne in masu nema sun yi yawa.

Amma gwanina, wanda saboda shi nake sake kallon Scrubs, shi ne mai shara, wanda Neil Flynn ya fito a matsayinsa. Ranar da sabon likita J.D. ya fara aiki, ya tarar da shi yana gyaran wata ƙofa da ta cije, sai tsautsayi ya sa ya ce wataƙila kwabo ne ya maƙale a ciki. Mai shara ya dube shi ya yi masa alkawarin in har ya sami kwabo a ƙofar nan, to ya kuka da kansa. Ya kuwa samu. A kan wannan kwabon ya yi shekara 8 yana gasa wa likita aya a hannu. Mutumin nan ba shi da suna. Yana magana da wasu ma'aikata da karin harshen Bajamushe, wasu da na mutumin Ingila, wasu kuma da in'ina, kowane sashe da mutumin da ya sani. Yakan saka farar riga ya zaga a matsayin likita. Yana da tarin busassun kurege da yake zaman taro da su. A fitowar ƙarshe ta zango na 8, a 2009, J.D. ya amsa cewa kwabon nasa ne, faɗuwa ya yi ba da gangan ba, mai shara kuma ya ce ai a kan idonsa aka yi, jira yake ya ga ko yaron zai faɗi gaskiya. Ya ce masa sunansa Glenn Matthews. J.D. na juya baya wani ya wuce ya gaishe shi da Tommy. Bill Lawrence, wanda ya ƙirƙiri shirin, ya ce da a zangon farko aka dakatar da su, da sai a bayyana cewa mai sharan nan babu shi, a cikin kan J.D. kawai yake.

Namu kam akwai shi, da tsintsiyarsa da bokitinsa da damin makullai a ƙugu. Baba muke ce masa, kuma ya riga shugaban asibitin zuwa, ya riga wanda shugaban ya gada. Ya gaya wa 'yan ɗakin magani cewa shi tsohon soja ne, ya gaya wa direbobi ya yi tuƙin babbar mota zuwa Kurmi, mu kuma ya ce mana ɗan sarauta ne da ya ƙi gadon gidansu. 'Yan ƙauye masu jinya suna ce masa likita, bai taɓa cewa shi ne ba, bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne. Sai ya ɗaga ledar ƙarin ruwa ya duba ta da kyau, ya girgiza kai ya ce, "A ci gaba da addu'a, kuma a daina zubar da ɓawon lemo a ƙarƙashin gado." Sabon likitan da ya taka inda ya goge bai ce sannu da aiki ba, zai gama shekararsa ta koyon aiki bai ga makullin banɗakin likitoci ba. Kullum yana wurin wani, wanin kuma ya fita yanzun nan. Ni har yau ban san laifin da na yi masa ba. Abin da na sani shi ne ƙofar ɗakin kati ba ta buƙatar wanki da asuba, ba ta buƙata da yamma, sai ranar Litinin da hantsi, lokacin da layi ya kai bakin titi. A lokacin ne zai zo ya kwarara ruwa da sabulu, ya tare hanya da benci, ya tsaya yana yi wa jama'a bayani cewa malamin kati ne ya ce a wanke. In na gaishe shi ya amsa da fara'a har da tambayar yara. In na yi ƙorafi a sama a ce mini, "Haba, Baba? Ai ba ruwansa." Duk wanda ya yi aikin asibiti ya san shugaba na iya yi maka canjin wurin aiki, amma Baba ne ke yanke hukuncin ko za ka ji daɗin inda kake.

Akwai mai neman hanyar gudu. Kofur Klinger na M*A*S*H, ɗan asalin Labanan daga garin Toledo, ya yi shekaru yana shigar mata don a ce ya taɓu a sallame shi daga soja. Da hakan bai ci ba sai wasiƙu daga gida: yau uwa ba lafiya, gobe uba na bakin mutuwa, har kwamandansa ya buɗe musu fayil. Da yaƙi ya ƙare kowa ya kama hanyar gida, shi kaɗai ya zauna a Koriya, don ya auri 'yar ƙasar. Namu ma haka yake. Tun da na san shi yake cewa wannan watan ne na ƙarshe, takardunsa na Saudiyya sun kusa fitowa, kuma duk ranar da aikin dare ya faɗo kansa sai an yi rasuwa a garinsu.

Radar na M*A*S*H, akawun da ke tura wa Kanar Blake takarda ya sa hannu bai karanta ba, ba ya buƙatar bayani ga duk wanda ya taɓa shiga ofishin gwamnati. Haka Sue White ta Green Wing, wadda aka ɗauka don sauraron koken ma'aikata, kuma duk wanda ya shiga ofishinta da damuwa ɗaya zai fito da uku.

Sai masu sanin wanda babu shi. A zangon farko na M*A*S*H, likita Hawkeye ya ƙirƙiri wani Kyaftin Tuttle don ya riƙa fitar da kaya da sunansa yana kai wa gidan marayu. Aka buɗe masa fayil, aka fara biyansa albashi. Abin dariyar ba ƙaryar Hawkeye ba ce, yadda kowa ya karɓe ta ne: kwamanda ya tuna sun ci abinci tare, Frank ya ce amininsa ne, Margaret ta kamu da sonsa daga karanta fayil. Da asiri ya kusa tonuwa sai aka sanar cewa ya yi tsalle daga jirgi mai saukar ungulu ya manta da lema, aka yi masa taron makoki da jawabai. Mu da muka saba jin labarin ma'aikatan bogi duk lokacin da aka yi tantancewa, abu ɗaya ne ya ba mu mamaki a labarin Tuttle: kuɗinsa marayu suka ci.

Game da rikicin wane ne uban wane, nan marubutan suka fi sakin linzami. Jordan ta Scrubs ta gaya wa tsohon mijinta Dakta Cox cewa cikin da take ɗauke da shi ba nasa ba ne, alhali nasa ne. Daga baya suka gano takardun rabuwarsu ba su inganta ba, wato har yanzu da aurensu, sai zaman ya lalace, ba su sami kwanciyar hankali ba sai da suka sake rabuwa da kyau. Kim, budurwar J.D., ta ce masa ta yi ɓari, ya gan ta daga baya da tsohon ciki. A Green Wing, Holly, tsohuwar budurwar likita Mac, ta zo masa da yaro ta ce nasa ne, ashe rina wa yaron gashi take yi don ya yi kama da shi. Mac ɗin ma ya taɓa farfaɗowa daga doguwar suma ya manta da abin da ke tsakaninsa da likita Caroline, abin da ba zai girgiza wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ba. Joanna kuwa uwar likita Martin ce tana ɓoyewa, kuma ashe ita ta haifi likita Guy ma. Sauran bayanin wannan ba na shafin mujalla ba ne.

Duk waɗannan ina yi musu dariya, har Dakta Kelso na Scrubs, mai murmushin kaka da zuciyar ɗan kasuwa, wanda ke riƙe allon rubutu don ya yi kamar ya tuna sunayen ƙananan likitoci. Mutum ɗaya ne dariyata ke ɗaukewa a kansa: wanda ke yin kuskure ya nemi na ƙasa da shi ya rataya masa. A fim ɗin M*A*S*H na 1970, wanda shirin talabijin ya biyo bayansa, majinyaci ya mutu a hannun Frank Burns, sai ya juya ya ce wa wani yaro mai taimaka wa malaman jinya shi ya kashe shi. Yaron ya fashe da kuka. Wani likita, Trapper, ya bi Burns ya naushe shi, masu kallo suka ji sanyi a rai.

A asibitin gaske babu mai naushin. Fayil ta hannunmu yake wucewa, kuma mun san bambancin tawadar jiya da ta yau. Mun ga inda aka soke adadin magani aka rubuta wani a samansa bayan abu ya riga ya lalace. Mun ga takardar da ta ɓace daga tsakiyar fayil a daren da aka ce za a yi bincike. Mun ga ɗalibar jinya tsaye a gaban kwamiti tana rantsuwa cewa da baki aka ba ta umarni, mai ba da umarnin kuma yana zaune a gefe yana duba agogo, yana cewa shi bai tuna ba. Wannan ba rashin fahimta ba ne, ba kuma soyayyar bayan labule ba ce. Ƙaryar Klinger kansa take ci, ta Baba ba ta wuce makulli da ruwan sabulu ba. Ta wannan mutumin kuwa tana cin aikin yarinyar da iyayenta suka sayar da amfanin gona suka biya mata makaranta, sannan ta bar kuskuren yana nan da ransa yana jiran majinyaci na gaba. Kuma shi ne za ka ji ya fi kowa yi wa ƙananan ma'aikata huɗuba a kan riƙon amana.

Saboda haka, ke ɗalibar jinya, da kai ƙaramin likita mai koyon aiki: in irin wannan ogan ya ba ku umarni da baki, ku miƙa masa biro cikin ladabi ku ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta, a sa hannu da lokaci." Zai ɓata rai. Ku bar shi ya ɓata.