Cibiyar Ƙasa ta Zauren Gidanmu

Kishin ƙasa abu ne mai kyau, amma kada Allah ya sa ya kama mutum da rana tsaka a bazara, yana azumi, babu kuma mai kwaɓarsa a kusa. Ni a wannan hali ya same ni.

Maroko ce ta ja mini. Tun 2021 suka ƙaddamar da wata gagarumar kwamfuta a wata jami'a da ke garin Benguerir, suka raɗa mata suna Toubkal, tana yin lissafi sama da tiriliyan dubu 3 a daƙiƙa ɗaya. Afirka ta Kudu ma tana da tata, Lengau, a Cape Town tun 2016. Akwai wani jeri na kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ake fitarwa a Yuni da Nuwamba tun 1993. Na bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, ban ci karo da sunanmu ba. Da yamma na kai ƙorafin majalisa. Na ce ai Abuja tana da cibiyar ƙirƙirarriyar basira tun 2020, matasa masu kai kuma ga su nan birjik, gagarumar na'urar kawai ta rage, ita kuwa me ye abin wahala a cikinta? Taubashina, wani tela mai baki da kaifi, bai ko ɗago kai ba ya ce, "To Malam, ka gina mana mana." Kowa ya yi dariya. Da na taya su, da an wuce wurin.

Sai dai ni malamin makaranta ne, cutarmu kuwa ita ce mu karanta rabin abu mu tashi mu koyar da shi. Na karanta cewa a 1994 wasu masana biyu a hukumar sararin samaniya ta Amurka, Thomas Sterling da Donald Becker, sun jona kwamfutoci 16 irin na kasuwa da waya, suka sa su aiki ɗaya, suka kira abin Beowulf. Na kuma karanta cewa a 2010 sojin saman Amurka sun haɗa na'urar wasa ta PlayStation 3 har guda 1,760, ta zama gagarumar kwamfuta. In da kayan wasan yara an yi, me zai hana a yi da gwanjo? A nan na rufe shafin. Abin da aka rubuta a ƙasa kan wuta da zafi ban kai gare shi ba.

Wani mai shagon intanet a unguwarmu ya rufe tun da kowa ya koma waya. Na saye tsofaffin kwamfutocinsa guda 8 da kuɗin adashin da aka ware wa ɗinkin Sallah, aka jibgo su a adaidaita sahu, na naɗe tabarmin zaure. Na sa mai fenti ya rubuta "Cibiyar Ƙasa" a jikin katako, na rataye a ƙofa. Ko na'ura ɗaya ba a kunna ba taubashina ya fara kirana Darakta Janar, ni kuma, Allah ya yafe mini, ina amsawa.

Injiniyan cibiyar ɗan yayata ne, yana karatun kwamfuta a jami'a. Shi ya jona wayoyin, ya ɗora musu Linux, ya kuma yi mini bayanin da ya kamata in nema tun kafin in ɓatar da kuɗi. Ya ce, "Kawu, abin gayya ne. A raba gona kunya-kunya, kowa ya nome tasa. Amma a wannan gayyar, duk wanda ya kai ƙarshen kunya sai ya tsaya ya gaya wa sauran abin da ya yi kafin a kama ta gaba. In hanyar maganar ba ta da sauri, a jira za a wuni. In kuma mutum ɗaya ya faɗi, kowa ya ajiye fartanya." Shi ya sa, in ji shi, manyan cibiyoyi suke zuba maƙudan kuɗi a kan wayoyin da ke haɗa na'urorin, ba a kan na'urorin kaɗai ba. Tamu wayar kuwa wadda aka kwance daga shagon ce, ɓera ya ɗan taɓa ta a wurare. Na gyaɗa kai irin na shugabanni na ce a ci gaba.

Aikin da na zaɓa wa cibiyar ba ƙarami ba ne: a koya wa na'ura karin magana, ka ba ta farko ta ƙarasa maka. Na zauna ina zubo su daga ka, yaro yana bugawa. Ya ce cikin ladabi, "Kawu, waɗanda ake hira da su a waya fa rubutu na tiriliyoyin kalmomi aka ɗura musu." Na ce masa yawa ba shi ne albarka ba.

Sai maganar wuta. Duk ƙasar nan, mu sama da miliyan 200, wutar da ake rabawa ta babban layi galibi tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000, rabon unguwarmu a ciki kuwa sai an yi sa'a. Frontier, wadda aka gina a Oak Ridge ta Amurka, ita ce a 2022 ta fara haye lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa, kuma ita kaɗai tana shan sama da megawat 20. Madatsar Kainji baki ɗayanta, in komai nata yana aiki, 760 take bayarwa. Ƙwaya ɗaya ta H100, irin wadda kamfanin Nvidia yake yi don wannan aiki, takan ja har wat 700, kusan duk abin da ɗan janaretan gidanmu yake iya fitarwa in ya tashi da ƙafar dama. Da muka kunna kwamfuta ta biyar, ya yi tari, ya yi atishawa, ya yi shiru.

A nan ne idona ya sauka kan rufin ɗakin uwargida. Shekaru ta yi tana tari kafin ta kafa sola da batura da inbata saboda firizarta. Ƙanƙara take sayarwa, da zoɓo da kunun aya, azumin bazara kuwa shi ne kakarta. Na lissafa a raina cewa firiza ai da daddare hutawa take yi. Wannan lissafin ban nuna wa injiniya ba. Bayan tarawihi na ja waya ta bayan randa, ta kan katanga, har zaure.

Wuta ta samu, sai zafi ya ce ga shi. Rana ta wuni tana dukan kwano, a waje ma awo ya kai 40, ga na'ura 8 kowace tana hura nata. Fankokinsu suka kama kuka, su kuma suka rage gudu da kansu don kada su ƙone, haka aka yi su. Ashe duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa, babu wadda ke ɓacewa. Frontier galan 6,000 na ruwa ake zagayawa da shi a cikinta kowane minti ɗaya. Mutanen Finland sun fi kowa dabara: sun kafa tasu, LUMI, a tsohuwar masana'antar takarda a garin Kajaani, tana cin wutar madatsar ruwa, zafin da take fitarwa kuma ana tura shi gidaje ana ɗumama ɗakuna. Su zafin ma kuɗi ne. A Kano wa za ka sayar wa zafi a watan Afrilu?

Tunda manya da ruwa suke sanyaya tasu, na ga ba zan yi ƙasa a gwiwa ba. Na lallaɓa na kwaso ƙanƙara daga firizar, na jera a faranti gaban fanka. Wallahi dabarar ta yi aiki, zaure ya yi daɗi. Yaro ya ce, "Kawu, bari in sa ta riƙa adana aikin lokaci-lokaci, ko da wani abu zai faru." Na tambaya ko hakan zai rage gudu, ya ce kaɗan. Na ce a bari, ƙasa tana jiranmu.

Abin da kowace yarinya mai talla ta sani game da ƙanƙara, ni Darakta Janar na manta. Farantin ya cika, ya tumbatsa, ruwa ya bi siminti ya iske soket. Aka ji ƙas, kwamfuta ɗaya ta mutu, sauran bakwai suka tsaya suna jiranta, aikin dare guda ya tafi. Baturan kuwa tun tsakar dare suka ƙare. Firiza ta kwana a mace, ni kuma na manta murfinta a ɗage. Kafin azahar ƙanƙara ta koma ruwa, kunun aya ya yi tsami har robobin sun kumbura, ga masu sari sun fara aiko yara da kuloli.

Uwargida ta bi wayar da hannunta daga bayan randa har zaure. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Malam, wannan fa?" Na gyara murya na yi mata bayanin cewa ko kamfanin Meta, da yake horar da Llama 3 a 2024 da ƙwayoyi sama da 16,000, sai da aikin ya katse masa ba shiri sau 419 a cikin kwana 54. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "Su ma ƙanƙarar matansu suka sata?"

Duk da haka sai da na kai abin majalisa, don da sauran na'urorin da ɗan fetur na bashi mun samu na'urar ta koyi wani abu. Taubashina ya ce a ba ta "Komai nisan jifa". Ta yi nazari, ta ce, "dole ya yi masa aski." Aka ba ta "Kowa ya ci ladan kuturu". Ta ce, "ƙasa zai faɗo." Wani dattijo ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Taubashina ya ce a bar ta biyun, gaskiya ta faɗa, don ga wanda ya ci kuɗin ɗinkin Sallah nan zaune a gabanmu.

Har yau ina so ƙasar nan ta gina cibiyar, kada a ji ni ba daidai ba. Wanda bai da na'ura a gida, bincikensa a hannun mai haya yake, kuma da dala zai biya. Amma yanzu in na ji an ce za a sayo na'ura kaza, bakina ba ya buɗewa don mamaki, tambaya yake yi. Daga ina wutar za ta zo, dare da rana? Wa zai biya kuɗinta baɗi da baɗin baɗaɗa? Ina ruwan? Wa zai kwana a wurin in abu ya lalace? Birtaniya ta kashe fam miliyan 225 kan Isambard-AI da ta buɗe a Bristol a 2025, kuma irin waɗannan na'urori ba sa daɗewa: Summit ta Oak Ridge ita ce ta ɗaya a duniya a 2018, a 2024 aka yi mata ritaya.

Daga baya yaro ya hayi ƙwaya ɗaya ta intanet, ya ɗauko wata manhaja da aka riga aka horar, ya ƙara mata karin maganata. Tsakanin la'asar da magariba ya gama, kuma ta fi tawa hankali nesa ba kusa ba. Na ce, "Kai ka san da wannan hanyar tun farko?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ai ba ka tambaya ba."

Uwargida ta rubuta asararta a littafin bashi, da sunana a sama. Fankokin sun koma ɗakinta. Kwamfutocin da suka rayu ta sa yaro ya ɗora musu tambayoyin JAMB, yaran unguwa suna biya suna gwaji, da rana kawai, kuɗin yana shiga hannunta ana rage mini bashi. Katakon ma ba ta yar ba. Ta kira mai fenti ya juya bayansa ya rubuta "Akwai ƙanƙara". Da ya gama ya leƙo zaure ya ce, "Ranka ya daɗe Darakta, akwai fa cikon kuɗin na farkon."