Kujeru Bakwai a Gindin Tsamiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara aka yi a dawan da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, damina ta zo da gardama, kaka ta zo ba albarka. Gero bai cika rumbu ba, kifi ya yi ƙaranci, samarin dabbobi duk suka watse ci-rani. Zaki, wanda ke riƙe da jihar dawa, ya ga abin ya yi yawa, sai ya sa aka yi shela cewa zai kafa hukumar bunƙasa tattalin arziki mai kujeru bakwai. Ita za ta riƙa faɗin inda za a yashe magudanar ruwa, inda za a yi hanya, da wanda za a ba rance da taki. Ya ce ranar Laraba kowa ya hallara gindin tsamiya a tsai da sunaye.

Tun kafin ranar, Dila malamin dawa ya riga ya rubuto nasa jerin. Da taro ya cika ya miƙe ya karanta: Giwa, Kura, Shaho, Belbela, Gizo, Damisa surukin Zaki, sai shi kansa a matsayin magatakarda. Wuri ya yi tsit. Kura ta gyara zama ta ce ita a ba ta ɓangaren kasuwar awaki, don ba wanda ya kai ta sanin lafiyayyar akuya.

Jaki ne ya fara magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yi karatu ba. Amma duk buhun da ya bar ƙauyen nan zuwa bakin titi a bayana yake tafiya. Na san kwazazzabon da ke yanke hanya da damina, na san shingayen da ake tare mu a karɓi kuɗi ba rasit. A cikin bakwai ɗin nan wa ya taɓa kwana a gefen kwazazzabon yana jiran ruwa ya janye?"

Belbela ya kaɗe farar rigarsa ya ce shi kullum yana tare da makiyaya, ya san matsalarsu ciki da bai. Saniya ta waiwayo ta dube shi. Ta ce, "A gadon bayana kake tsayawa, gaskiya ne. Amma ranar da aka nome burtali, ni aka buga da sanda, kai tashi ka yi sama."

Sai Giwa ta ɗaga hanci, kowa ya yi shiru. Ta ce ita ba za ta ɓoye ba, tana son kujerar, kuma ta cancanta. Ta ce ba a kafa injin casar shinkafa da fatan alheri, sai da jari, kuma mai jari ba ya zuba dukiyarsa inda ba a jin maganarsa. Ta tuna musu masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano, yadda rashin wutar lantarki da kayan waje masu araha suka rufe da yawansu, dubban ma'aikata suka koma gida. Ta ce da masu yanke shawara sun saurari masu injinan tun da wuri, da an rage asarar. Maganarta gaskiya ce, kuma ko waɗanda ba sa ƙaunarta sun gyaɗa kai.

Can ƙasa aka ji wata 'yar murya, sai da aka ɗora Tururuwa kan ganye kafin a ji ta sosai. Ta ce, "Gwaggo Giwa, ba mu ce ki tashi ba. Cewa muka yi a matsa mana mu ma mu zauna. Da kaka muke sayar da hatsi da arha don biyan bashi, a kwashe shi zuwa kasuwar Dawanau, da tsakiyar damina mu sayo shi da tsada. Takin gwamnati kuwa sai gero ya fara fitar da kai yake isowa, kuma a hannun wanda bai da gona muke sayensa. Idan duk masu kujerun nan masu saye ne, wa zai tsaya wa mai sayarwa?"

Amma wanda ya girgiza taron shi ne Kwaɗo. Ya yi tsalle ya hau saiwar tsamiya, jikinsa duk laka, ya ce zai ba su labarin da ya gada daga kakanninsa. Ya ce 'yan Adam sun gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, suka ƙara ta Challawa a 1992. Can sama abin ya yi kyau: Kadawa da garin Kura suka cika da shinkafa da alkama da tumatir na noman rani. Amma a nan ƙasa, da can ambaliya ce ke zuwa da damina ta shimfiɗu a fadama, kifi ya hayayyafa, ta janye a shuka a danshinta, shanu su samu ciyawa da rani. Da aka tare kogin, ambaliyar ta ragu, sai ruwa kaɗan-kaɗan da ake saki duk shekara. Magudanai suka daina bushewa, kachalla ta samu wurin zama ta toshe su. Wani gari ruwa ya cinye masa gona, wani garin ko ɗigo bai kai masa ba. Tsuntsayen jan-baki suka yi sheƙa a cikin kachallar, suna fitowa su cinye shinkafar da ta tsira.

Kwaɗo ya ce, "Waɗanda suka zana aikin nan ba mugaye ba ne, masu ilimi ne ƙwarai. Ba su dai zauna da kowa daga ƙasan kogi ba. Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Gizo ya ga kujerarsa na rawa. Ya sulale bayan tsamiya, ya tuɓe babbar riga, ya shafe jikinsa da taɓo, ya dawo da fartanya a kafaɗa yana cewa ai shi ma manomi ne gaba da baya. Tururuwa ta tambaye shi, tsakanin gero da maiwa wanne ake fara girbewa. Gizo ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce maiwa. Taro ya fashe da dariya.

Ƙoƙi matar Gizo ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta ce shekara da shekaru ita ke ciyar da gidan nan da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa, kuma da adashen mata ta sayi tukunyar suya, don ba bankin da ya taɓa kallonta. Ta ce rabin cinikin dawan nan a cikin gidaje ake yinsa, yara ke kai shi kasuwa a kan faranti, amma ba a ga sunan ko mace ɗaya mai irin wannan sana'a ba.

Baba Kunkuru, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya fiddo kai. Ya ce a bar gardamar wa ya fi wa. Sharaɗi biyu kawai yake so. Duk mai son kujera ya faɗi a gaban jama'a abin da ya mallaka da abin da yake sayarwa. Sannan shi da 'ya'yansa kada su karɓi kwangila daga hukumar muddin yana kanta.

Kura ta ce ta tuna tana da biki, ta tafi. Shaho ya yi sama bai yi sallama ba. Belbela ya bi shi. Giwa kuwa ta tsaya ta lissafa rumbunanta ɗaya bayan ɗaya, ta ce ta yarda.

Zaki ya daɗe yana tunani, sannan ya naɗa Giwa da Tururuwa da Kwaɗo da Jaki da Saniya da Ƙoƙi. Ta bakwai ya bar wa Damisa, don surukuta ta fi ƙarfinsa, kuma wannan rauni ne da bai kamata a rufe masa ba. Dila aka ba shi alƙalami ba tare da ƙuri'a ba.

A zaman farko aka amince a fara da yashe magudanar da kachalla ta toshe. Sai Damisa ya zaro wata takarda ya ce ga wani kamfani da zai yi aikin, sunan da ba wanda ya taɓa ji. Takardar ta zaga hannu zuwa hannu har ta iso wurin Ƙoƙi. Ta ƙura mata ido, ta ce wannan rubutun mijinta ne, kuma tabon maiƙon da ke gefe warin Kura yake yi. Giwa ta tambaya wa ya yarda a ba kamfanin. Damisa kaɗai ya ɗaga hannu.

Aka kira gayya ranar Asabar. Kwaɗo ya shiga gaba yana nuna tsohuwar hanyar ruwa, Giwa na tumɓuke kachalla da hanci, Jaki na kwashewa, Ƙoƙi na rubuta sunan duk wanda ya yi aiki don a biya shi a hannunsa.

Ƙurunƙus.