Ni da Zakaran Gwaggo a Tsibirin Ayaba

Gwaggo ce ta ja mini. Da ta ji zan bi motar albasa zuwa Legas, sai ta haɗa ni da ƙullin daddawa, da garin kuka, da wani ƙaton jan zakara, wai in kai wa autanta da ke gadi a Banana Island. Na karɓa da murna. Na ce ko banza na dawo da nonon ayaba mai araha.

Daga kasuwar Mile 12 na hau danfo, muka miƙe gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 a kan ruwa, zakara a hammata, ni ina ta salati. A Obalende na nemi ɗan acaba, aka ce ai tun 2022 aka hana su yawo a yankin. Tasi ya cinye mini ribar buhu guda kafin ya sauke ni a ƙurewar Ikoyi.

A bakin ƙofa wani mai kaki ya tare ni, ya ce in ba shi lamba. Na gyara tsayuwa na karanto masa lambar wayata tsaf. Ashe wata lamba ce daban, wadda mai gida kan turo wa baƙonsa. Sai da auta ya fito da gudu ya karɓe ni.

"Yaya, don Allah ka rage murya," shi ne sannu da zuwan da na samu.

Ko ɓawon ayaba ban gani ba. Yashi aka zuba a ruwa aka kafa unguwar, siffarta ce kawai ta lanƙwashe kamar ayaba. Babu mai shayi, babu mai faci, babu yaro ko ɗaya da za ka aika. Hatta wayoyin lantarki a ƙasa aka binne su. Shirun ya kai ina jin kunyar ƙarar silifas ɗina. Na yi sallama a wani gida bisa al'ada, bango ya amsa mini da Turanci.

Nan fa zakaran da tun daga Kano bai ce uffan ba ya miƙe wuya ya tsala cara. Karnuka suka ɗauka, labule ya fara motsi a benaye. Na kai hannu in toshe masa baki, ya fizge, ya dira kan wata baƙar mota da kuɗinta zai sayi layinmu gaba ɗaya, ya bar mata tsaraba a gilashi. Na bi shi da babbar riga, auta na bina yana "Yaya, aikina!" Zakara ya haura wata katanga mai waya, shi ke nan.

Da hulata na goge gilashin. Masu kaki biyu suka rako ni har ƙofa, cikin ladabi irin wanda ya fi mari zafi.

Daren nan a kan buhun albasa na kwana. Auta ya ce har yau ana jin cara da asuba daga bayan katangar. Gwaggo kuwa, na gaya mata saƙo ya isa.